Cire Fitilar Hazo a Sa Ta Nesa: Gyaran da Ke Makantar da Direbobi

Duk mai bin hanyar Zariya zuwa Funtuwa ko ta Bauchi zuwa Gombe da dare ya san abin da ya addabi direbobi a 'yan shekarun nan. Ƙaramar mota za ta tunkaro ka, manyan fitilunta suna dim, amma daga ƙasan bamba wasu ƙananan fitilu biyu farare fat suna soka maka haske a ido har ka daina ganin bakin kwalta. Ko ka yi masa alama ya rage wuta ba zai rage ba, domin a saninsa ya riga ya rage. Abin da ya faru shi ne, mai motar ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ya sayo fitilu masu dogon haske, mai gyaran wutar mota ya ciro fitilun hazo da kamfani ya sa, ya dasa sababbin a gurbinsu, ya haɗa su da wayoyin da ya tarar a wurin. Aikin bai ɗauki awa guda ba, kowa kuma ya tashi yana murna. A ganina wannan gyaran gangar Abzinawa ne: mai mota ya rabu da fitilar da aka yi domin ranar ƙura, ya samu wadda ba za ta ba shi nisan da ya biya kuɗi dominsa ba, sauran masu bin hanya kuma su ne ke biyan kuɗin kuskuren da idanunsu.

Fitilun nan biyu ba bambancin ƙarfi ne tsakaninsu ba, yadda kowacce ke zuba haskenta ne ya sha bamban. Fitilar hazo tana shimfiɗa haske a faɗi, dama da hagu, a kwance a kan titi, ta yanke shi tsaf daga sama yadda ba zai tashi sararin da ke gaban gilashin direba ba. Nisanta bai wuce 'yan mitoci goma-goma ba, kuma da gangan aka yi ta haka. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 48, wadda ta tsara yadda ake ɗora fitilu a jikin mota, ta ce a ƙananan motoci kada fitilar hazo ta gaza santimita 25 daga ƙasa, kada kuma ta wuce 80. Dalilin saukar da ita ƙasa shi ne, idan haske ya ratsa iska mai ɗauke da ɗigon ruwa ko ƙura, ƙwayoyin suna dawo da wani kaso nasa baya, kuma mafi yawan abin da ke dawowa yana bin hanyar da ya fito ne. Idan fitila tana kusa da saitin idon direba, hasken da ya dawo idonsa zai faɗa, sai ya ga farin labule a gabansa. Wanda ya taɓa haska tocila a ɗakin girki mai cike da hayaƙi ya san hayaƙin yake gani, bangon ɗakin kuwa sai ya ƙara ɓacewa. Idan aka saukar da fitilar can ƙasa aka hana haskenta tashi, iskar da ke tsakanin idon direba da titi za ta zauna da duhunta, shi kuma ya hango farin layi da bakin hanya ta cikinta.

Fitilar nesa kuwa akasin haka aka ƙera ta. Tana tattara haskenta ya zama siriri mai tsini, ta harba shi ɗaruruwan mitoci, kuma ba ta da wannan yanka na sama. Rabin haskenta yana ƙasa da saitinta, rabi yana sama. Abokiyar ful ce, wato aikinta ta ƙara wa doguwar wutar mota ƙarfi a hanyar da babu mai zuwa. Shi ya sa ƙa'idar ta ce dole ta mutu da zarar direba ya koma dim, har ma ta ƙayyade iyakar ƙarfin da dukkan fitilun dogon haske za su kai idan aka kunna su tare.

A nan ne babbar matsalar take, kuma ba kowane mai mota ya lura da ita ba. Makunnin fitilar hazo an tsara shi ne ya yi aiki tare da dim, ba tare da ful ba. Yawancin motocin tokumbo da suka zo daga Amurka, irin su Camry da Corolla da Accord da suka cika garuruwanmu, an haɗa wayarinsu ne yadda fitilar hazo za ta mutu da kanta idan aka ɗaga ful. To idan aka jona fitilar nesa a kan waɗannan wayoyi, komai ya juye ke nan: lokacin da direba ya rage wuta domin mai zuwa, a lokacin ne fitilarsa mafi cutar da ido take ci, lokacin da hanya ta zama tasa shi kaɗai, ya ɗaga ful yana neman nisa, a lokacin ne take ɗaukewa. A motocin Turai ba ta mutuwa da ful, amma kuma ba ta mutuwa da dim, sai direba ya tuna ya kai hannu ga wani makunni daban duk lokacin da mota ta ɓullo. Babu direban da zai yi haka sau ɗari tsakanin Kano da Maiduguri. Abin da zai yi shi ne ya bar ta a kunne.

Kada a ɗauki kashe ido a matsayin ƙaramar damuwa da ake haƙuri da ita. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ido idan haske mai ƙarfi ya buge shi yana buƙatar daƙiƙoƙi kafin ya koma ganin duhu, kuma lokacin yana ƙaruwa da shekaru, balle ga dattijon da yanar ido ta fara kama shi. Ko da daƙiƙa uku kacal aka ɗauka, motar ta yi tafiyar sama da mita 80 direbanta ba ya ganin abin da ke gefen hanya. A cikin waɗannan mitoci ne ake samun ɗan acaɓa marar wutar baya, da mai keke da ya ɗauko kara daga gona, da yaron da ke tsallaka titi a bakin ƙauye. Mai fitilar ma bai tsira ba, domin a hanya mai layi ɗaya wanda ya makantar ɗin da shi zai yi gaba-da-gaba idan ya kauce. Farin hasken LED mai sirkin shuɗi, wanda 'yan kasuwa ke tallarsa da lambar 6000K ko 6500K, ya fi hasken tsohon ƙwan halojin mai kimanin 3200K takura ido, ko da ƙarfinsu ɗaya.

Ko an ajiye haƙƙin sauran mutane gefe, gurbin fitilar hazo mummunan wuri ne ga fitilar da ake so ta hango nesa. Haske idan ya fito daga dab da ƙasa yana shafar titi ne a kwance, sai kowane ɗan tudu ya jefa doguwar inuwa a bayansa, kowane kwari ya zama baƙin wuri da ba a san zurfinsa ba, ɗan hawa kaɗan kuma ya tare hasken gaba ɗaya. Idan mai gyara ya karkatar da ita ƙasa domin rage ƙorafin mutane, sai ta zuba haske mai yawa a mitoci goman farko. Ƙwayar idon direba ta tsuke saboda wannan hasken na kusa, ganinsa na nesa ya ragu. Direba zai ji kamar ya samu ƙarin gani domin gabansa ya yi fes, alhali abin da zai kashe shi yana can mita 100 a gaba. Akwai kuma wani lissafi da masu sayarwa ba sa faɗa: hasken da ke sauka a kan abu yana raguwa ne da ninkin nisa a kan kansa, saboda haka wanda ke son ninka nisan ganinsa sau biyu sai ya ninka ƙarfin fitila sau huɗu. Ninka ƙarfi sau biyu ba ya ƙara ko rabin nisan.

Masu wannan gyara suna da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Za su ce maka hanyoyinmu babu fitilun titi, babu layi a wurare da yawa, ga ramuka, ga shanu, ga tirelar da ta lalace a tsakiyar hanya ba ta da alama sai ganyen da yaron mota ya karyo ya jera, ga fargabar tsayawa a dajin Birnin Gwari saboda masu garkuwa da mutane. Duk gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa dim ba ta isar mai gudu: tana nuna hanya kimanin mita 50 zuwa 70, alhali mota mai gudun kilomita 100 tana buƙatar kusan mita 100 kafin ta tsaya a busasshiyar kwalta, idan aka haɗa da lokacin da direba zai ɗauka kafin ya taka birki. Wanda ke yawan tafiyar dare yana da haƙƙin neman ƙarin haske, ba na kuma cikin masu cewa a haramta fitilar nesa baki ɗaya. A Ostireliya da ƙasashen arewacin Turai, inda hanyoyi ke ratsa daji mai namun dawa, ana amfani da ita bisa doka. Amma can ƙari ake yi, ba musanya ba. Ana ɗora ta kusa da tsayin manyan fitilu, a ja mata waya mai kauri daga batir ta cikin fiyus ɗinta, a sa mata rile mai karɓar umarni daga wayar ful, yadda taɓa sandar rage wuta sau ɗaya zai kashe su duka. Buƙatar nisa hujja ce ta a ƙara fitila a wurin da ya dace. Ba ta zama hujjar cire wata ba.

Hujja ta biyu ita ce wai mu ba mu da hazon Turai, fitilar hazo ado ce kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan ma: amfaninta taƙaitacce ne, sai ga mai tafiya a hankali, kuma kunna ta a dare mai tsabta ba ya ƙara komai; dokar hanya ta Ingila ba ta yarda a kunna ta ba sai gani ya gaza mita 100. Sai dai wanda ya ce ba mu da abin da ke rufe hanya ya manta da hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ta lulluɓe ƙasar Hausa, har akwai ranakun da jirage ke kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ƙara da ƙurar da manyan motoci ke tayarwa a wuraren da ake aikin hanya, da hayaƙin ƙona daji da kaka, da ruwan Agusta mai zuwa kamar da bakin ƙwarya, da ainihin hazo a tsaunukan Jos da Mambila. A duk waɗannan fitilar nesa ba taimako take ba, ƙara rufe ido take, kuma a ranar ce direba zai kai hannu ga makunnin hazo ya tarar ya sayar da abin da yake nema. Wasu kan ce ai sun sayi mai launin rawaya, wadda ke huda hazo. Launi ba ya huda hazo, domin ɗigon ruwa da ƙwayoyin ƙura suna watsa kusan kowane launi daidai. Rawaya ta fi sauƙi ne a ido kawai, abin da ya sa Faransa ta wajabta ta ga motocinta tun daga shekarun 1930 har zuwa 1993. Fitilar nesa mai launin rawaya tana nan a fitilar nesa.

Akwai masu ganin sun bi tsaka-tsaki: su bar kwanon fitilar kamfani, su canza ƙwan kawai. Idan ƙwan LED aka sa a kwanon da aka ƙera domin halojin, hasken ba daga inda madubin ciki ke tsammani yake fitowa ba, domin an lissafa lanƙwasar madubin ne da ɗan siririn zaren da ke cikin ƙwan na asali. Sau da yawa yankan sama yana lalacewa, haske ya fantsama ko'ina. Idan kuma halojin mai wat 100 aka sa a gurbin mai wat 55, guda biyu za su ja kusan amfiya 17 a wayar da aka yi domin kimanin 9. Fiyus zai riƙa ƙonewa, daga nan sai a sa wanda ya fi shi girma ko a naɗa masa zaren waya, wayar ta yi ta zafi a cikin bambar roba. Gobarar mota da dama daga irin wannan haɗi take farawa.

Najeriya ta shiga yarjejeniyar 1958 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙa'idojin kayan mota a shekarar 2018, saboda haka ma'aunin da za a bi ba sai an ƙirƙiro shi ba. Abin da zan so in gani daga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da jami'an duba lafiyar motoci ba kame da fasa fitilu a bakin hanya ba ne, gwaji ne mai sauƙi: a ce wa direba ya koma dim, a duba ko akwai fitilar da ta rage tana harbi sama. Ƙungiyoyin masu gyaran wutar mota su ma suna da rawar takawa, domin a hannunsu ake haɗa wayar, kuma kuɗin rile da 'yar waya bai kai na fitilar kanta ba.

Kafin ma a kai ga sayen wani abu, mafi yawan motocin da masu su ke kukan rashin haske suna da matsalar da ta fi wannan sauƙi. Murfin manyan fitilu ya daɗe a rana ya yi rawaya ya dushe, madubin ciki ya ƙone, ƙwan ya tsufa, ko kuma saitin ya goce tun wani karo da aka yi. A goge murfin ko a canza shi, a sa ƙwai nagari mai wat ɗin da kamfani ya rubuta, sannan a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mita 10 daga bango da dare, a kunna dim. Yankan hasken ya kamata ya sauka kimanin santimita 10 zuwa 15 ƙasa da tsayin tsakiyar fitilar, na fitilar hazo kuma ya fi haka sauka. Motar haya da ake labta wa kaya a baya hancinta yana ɗagawa, don haka ita da kayan a ciki ya kamata a yi mata saitin.