Kujerar Ƙofar Gida: Lafiyar Ɗan Fansho a Fulatan

Manomin Fulatan bai san ritaya ba. Yana da shekara 70 za ka gan shi da fartanya a kafaɗa tun raɓa ba ta bushe ba, in damina ta wuce kuma ya koma fadama ko kiwo. Wanda ya san ritaya shi ne ƙanensa da ya yi boko, ya yi aikin asibiti ko na sakatariya a Rogo, Ƙaraye ko Kano, har ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki. Malaman makaranta ne dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 ko 40. Ko yaushe ne dai, ranar tana zuwa, mutum ya kwaso kayansa ya dawo gida, 'ya'ya su sai masa kujera su ajiye a ƙofar gida, su ce Baba ya huta.

Wannan kujerar ce nake tsoro. Na sha ganin wa yana ta noma garau, ƙane kuwa shekara uku da barin aiki ƙafa ta kumbura, hawan jini ya kama shi, wani ma ɓarin jiki ya shanye. Aikin da ya bari shi ne yake tashinsa da asuba, ya fitar da shi, ya haɗa shi da mutane. Ranar da aikin ya tafi, duk waɗannan suka bi shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta nemi babba ya motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako, wato aƙalla rabin awa sau biyar. Ga wanda ya haura 65 ta ƙara da atisayen da ke ƙarfafa ƙafa da hana faɗuwa, kwana uku a mako. A ƙasar Rogo wannan ba ya bukatar ko kwabo. Tafiya gona da sassarfa, hawa keke zuwa kasuwa, ban ruwan lambu, duk sun shiga lissafi. Abin da ya ɓata mu shi ne babur: tafiyar da kakanninmu ke yi a ƙasa suna hira, yanzu sai an hau.

Abinci ma haka. Ƙasar nan ta dawa ce da gero da masara da wake da gyaɗa, ga kifin madatsar ruwan Challawa da aka kammala a 1992. Tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, sun fi wa mai ciwon suga farar shinkafa da taliya da lemon kwalba, waɗanda muke ɗauka su ne cimar wanda ya ci gaba. Gishirin yini guda bai kamata ya kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano ake ƙirgawa.

Amma inda na fi son mu tsaya shi ne kaɗaici, domin shi ba a auna shi a asibiti. Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara bin rayuwar wasu samari tun 1938, ta bi su har tsufa, ta gano cewa kyakkyawar dangantaka da mutane tana cikin manyan abubuwan da suka raba waɗanda suka tsufa lafiya da waɗanda suka tsufa da ciwo. Bahaushe ya riga ya ce zumunta a ƙafa take, kuma ka lura, karin maganar ta haɗa magani biyu wuri guda: tafiya da ganin ɗan'uwa.

Nan ne Kiristocin Hausawan wannan yanki, waɗanda da yawansu jikokin Maguzawa ne, suke da wata dukiya a hannu. Ikilisiya tana ba mutum abin da ofis ya karɓe: ranar fita, wurin zuwa, da mutanen da za su tambaya in ba su gan shi ba. Iyayenmu na Zumuntar Mata sun daɗe da gane wannan. Suna taruwa, su yi waƙa da rawa har gumi ya karyo, su zaga gaisuwar marasa lafiya da ta'aziyya, yawanci a ƙafa. Tsohuwar da ke cikinsu ba ta kwana uku a ɗaki ba a leƙo ta ba. Maza ne muke da rauni. Dattijo ya je sujada ran Lahadi, ya gaisa a ƙofar majami'a, shi ke nan sai wani makon.

Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932, ya yi maganar ritaya a sura 8 ta Littafin Ƙidaya. Lawiyawa kan sauka daga aiki mai nauyi suna da shekara 50, amma an bar su su ci gaba da taimakon 'yan'uwansu a wurin sujada. An sauke musu kaya, ba a sallame su ba. Tsohon hedimasta zai iya koya wa manya karatu da yamma, tsohon akawu ya riƙe littafin baiko. Ban ga amfanin fasto ya yi ta wa'azin girmama iyaye ba, alhali ya bar irin waɗannan hannuwa a zaune.

Ina kuma roƙon dattawan ikilisiya kada su bari a raba addu'a da magani. Hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba, kuma wanda ya ajiye ƙwayoyinsa don ya ji sauƙi ya jefa kansa cikin haɗari. Na'urar awon jini ba ta fi ƙarfin baikon 'yan makonni ba, kuma da wuya a rasa tsohon ma'aikacin lafiya a cikin jama'a. A ajiye masa tebur a gindin bishiya bayan sujada, ya auna kowa, Kirista da maƙwabcinsa Musulmi. Wanda nasa ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a samu wani ya raka shi asibitin Rogo ran Litinin.