Me ya sa ƙungiyoyin NBA ke ɗari-ɗari da 'yan wasan jami'a masu shekaru?

A watan Yunin 2018, Jalen Brunson ya zauna yana sauraron sunaye a daren da ƙungiyoyin ƙwallon kwando na NBA ke zaɓen sabbin 'yan wasa. Ya ci kofin jami'o'in Amurka sau biyu da Villanova, a 2016 da 2018, kuma shi ne gwarzon ɗan wasan jami'a na shekarar. Duk da haka sai da aka kira mutum 32 kafin Dallas Mavericks ta ɗauke shi.

Wanda aka fara ɗauka a daren, Deandre Ayton, shekararsa 19, kuma kaka ɗaya ya buga a jami'a. Brunson kuwa yana dab da cika 22.

Tun daga 2006 dokar NBA ta ce sai ɗan wasa ya cika shekara 19 a shekarar zaɓen kafin ya shiga. Hakan ya sa fitattun matasa ke yin shekara ɗaya a jami'a su wuce. Wanda ya zauna shekara huɗu sai a fara tambayar abin da ya tsayar da shi. Rabon da a fara ɗaukar wanda ya kammala shekaru huɗu tun Kenyon Martin a 2000.

Hujjar masu farautar 'yan wasa ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ganinsu ɗan shekara 19 yana da sauran girma a jiki da basira, amma ɗan 23 ya kusa kai iyakarsa. Sannan ƙato mai shekara 23 da ke fin ƙarfin yara 'yan 18 ba lallai ne ya yi haka a gaban manya ba.

Maganar ta shafi aljihu. Mutum 30 na zagayen farko suna samun kwantiragi mai tabbacin albashin shekara biyu. Na zagaye na biyu ba su da wannan tabbaci sai abin da suka daidaita da ƙungiya.

Akwai misalan da ke goyon bayan masu wannan ra'ayi. Jimmer Fredette ya girgiza gasar jami'o'i a 2011 da yawan maki, aka ɗauke shi na 10, amma bai samu gindin zama a NBA ba, sai a ƙasar Sin tauraronsa ya sake haskawa. Oscar Tshiebwe, ɗan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, ya zama gwarzon 2022 a jami'ar Kentucky, amma babu ƙungiyar da ta kira sunansa a zaɓen 2023.

Sai dai lissafin shekaru ya sha jawo wa ƙungiyoyi asara. Draymond Green ya yi shekara huɗu a Michigan State, aka ɗauke shi na 35 a 2012, ya ci kofin NBA sau huɗu da Golden State. Malcolm Brogdon, na 36 a 2016, shi ya lashe kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa a kakarsa ta farko. Brunson kansa ya koma New York Knicks a 2022, kuma a 2024 aka sa shi cikin wasan taurarin NBA.

Abin da ya raba waɗannan da waɗancan shi ne irin gwanintar da suka zo da ita. Green yana iya tsare ɗan wasa kowane iri, ga iya miƙa ƙwallo. Brunson yana da natsuwa da saurin yanke shawara. Fredette kuwa ya saba ƙwallo na hannunsa koyaushe, ga rauni wajen tsaro, kuma ba wanda zai gina ƙungiyar NBA a kansa.

Shi ya sa masu nazari ke duba lokacin da ɗan wasa ya fara fice. Wanda ya nuna kansa tun yana 19 ya ci gaba da ƙaruwa ya fi ba da ƙwarin gwiwa a kan wanda bai haska ba sai da ya girme abokan karawarsa.

Yanzu lamarin ya ƙara sarƙewa. Tun watan Yulin 2021 aka bai wa 'yan wasan jami'a damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, don haka da yawa ba sa gaggawar fita. Ƙungiyoyi ma sun fara sassautowa: a 2024 Memphis ta ɗauki Zach Edey, ɗan Kanada mai tsayin mita 2.24 da shekara 22, a matsayi na 9, Lakers kuma ta ɗauki Dalton Knecht mai shekara 23 na 17.

Ga ƙungiyar da ke neman kofi a yanzu, ɗan wasan da ya riga ya nuna, mai ƙaramin albashi, ya fi mata yaron da za a jira shekara uku kafin a ci moriyarsa.