Abin Da Ke Sa Yaran Gombe Kuka A Gaban Allon Waya

Magidancin da ya bar iyalinsa a Gombe ya tafi neman abinci Ikko ko Ibadan ko Fatakwal yakan yi ƙoƙari ya aika wa ɗansa wayar hannu, domin a riƙa jin muryar juna. To, amma wani lokaci ba a daɗewa sai uwargida ta kira da wani labari dabam. Yaro ya daina zama cin tuwo da 'yan'uwansa, yana ɗaki yana magana shi kaɗai, har an tarar da shi yana share hawaye, da aka tambaye shi wa ya rasu sai ya ambaci wani suna da ba a taɓa ji ba a cikin dangi. Wasu iyaye sukan ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Wasu kuwa sukan ce a karɓe wayar a fasa. Kafin a yi ko ɗaya, ya kamata a san abin da ke cikin allon nan.

Tun daga ran 1 ga Oktoba 1996, sa'ad da aka cire Jihar Gombe daga Bauci, garin Gombe ya cika ya batse da ma'aikata da 'yan kasuwa, sa'an nan buɗe jami'ar jiha cikin 2004 ya ƙara jawo samari. Wanda ya zaga unguwanni irin su Jekadafari da Bolari da Pantami da Tudun Wada bayan la'asar zai ga samari sun haɗa kai a kan waya, ko kuwa sun cika wani ɗan shago mai talabijin da na'urar PlayStation, janareto yana ruri a waje. Yawancinsu ƙwallon ƙafa suke bugawa, fushin ƙwallo kuwa ba ya kwana: an ci ka yau, gobe ka rama.

Amma akwai wani irin wasa da ya fi wannan kama zuciya, watau wanda mai wasa ke shiga rigar jarumin labari. Asalinsa daga Amurka ne, inda cikin 1974 aka fito da Dungeons & Dragons, wanda ake yi da takarda da fensir, mutum guda yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani a ciki. Daga baya Japanawa suka zuba irinsa cikin na'ura, suka fito da Dragon Quest cikin 1986 da Final Fantasy cikin 1987. Jarumi yakan fara ba shi da ƙarfi ba shi da ko anini. Mai wasa ne zai yi renonsa, ya saya masa takobi, ya samo masa abokan tafiya, ya yi musu magani in sun ji rauni. Labari guda yakan ci awa 40 ko fiye. Wanda ya yi makonni yana ɗawainiya da wasu, ko da na cikin allo ne, dole ya saba da su, sabo kuwa turken wawa ne.

Misalin da duniya ta fi sani shi ne Final Fantasy VII, wanda kamfanin Square ya fitar cikin 1997. A cikinsa akwai wata yarinya mai sayar da furanni, sunanta Aerith, wadda ke warkar da abokan tafiyarta. Ana tsakiyar labari sai mugun ciki, Sephiroth, ya soke ta da takobi tana cikin addu'a, kuma ba yadda mai wasa zai yi ya cece ta. Manya masu gemu a Japan da Amurka da Ingila sun faɗa da bakinsu cewa sun zubar da hawaye, aka kuma daɗe ana baza jita-jitar wai akwai dabarar da za a tashe ta. Cikin 2012 kuma fushi aka gani: masu wasan Mass Effect 3 suka ƙi yarda da yadda labarin ya ƙare, suka yi ta ƙorafi har kamfanin BioWare ya ƙara wa ƙarshen bayani a cikin shekarar, kyauta.

Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne. Yaron da ya yi tashe da azumi, ya manna gemun auduga ya riƙe sanda, tsoho ne shi har a tashi. Wanda ya kwanta gaban kakarsa yana sauraron tatsuniya ya san yadda ake jin haushin kishiyar uwa, a ji tausayin marainiya. Iyayen yaran nan ma da yawansu sun fito daga siliman Indiya idanu jawur. Bambancin dai shi ne, mai kallon fim ɗan kallo ne kawai, amma mai wasa shi ne ya zaɓi hanyar da aka bi. In abokin tafiya ya halaka, sai ya ji kamar laifinsa ne, ya shiga da-na-sani. Saboda haka hawayen nan ba hauka ba ne, alama ce ta cewa yaro yana da tausayi.

Duk da haka akwai inda abin yakan ɓaci. Wasan da ke da labari yana da ƙarshe, in an kai an huta. Amma waɗanda ake yi ta intanet tare da wasu mutane, irin su Free Fire da ya fito cikin 2017, ba su da ranar ƙarewa. Kyauta ake shiga, sa'an nan a yi ta tallata wa yaro tufafi da makaman cikin wasa da kuɗi na gaske, ban da kuɗin data. Nan ne kuɗin da uba ya aiko don littafi kan zurare.

Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtuka, aka fara aiki da jerin cikin 2022. Amma ba kowane mai wasa take nufi ba. Alamu uku ta ambata: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa a kan sauran harkokin rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, kuma galibi sai abin ya kai wata 12. Ƙasar Sin kuwa cikin 2021 ta kafa doka cewa wanda bai kai shekara 18 ba, awa 3 kurum zai yi wasan intanet a mako.

To, uban da ke kurmi ba shi da doka irin ta Sin, amma yana da waya a aljihu. In ya kira gida, maimakon ya fara da faɗa, sai ya ce wa yaron ya ba shi labarin jarumin nan, wane ne shi, me ya same shi. Yaron da ya iya ba da labarin, kuma yana zuwa makaranta da Islamiyya, yana salla a kan lokaci, yana barci da dare, ba abin tsoro a tare da shi, sai dai a yanka masa lokaci, a kuma sa uwarsa ta riƙa karɓar wayar bayan lisha. Wanda kuwa ya fara ƙarya a kan kuɗi, ko jarrabawa ta ƙarato bai buɗe littafi ba, wannan ba a bar wa uwa ita kaɗai ba. Sai a haɗa da kawunsa ko malaminsa, in ta kama ma uban ya hau mota ya zo da kansa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya kuma dawo da matafiya gida lafiya.