TAKALMIN DOGUWAR TAFIYA: YADDA MAI ƘARAMIN ƘARFI ZAI ZAƁI NAGARI

Daga Wakilinmu na Arewa, Jos

DUK wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko unguwar Sabo a Badun, ko gindin gadar Anaca, zai lura da abu guda wanda ya haɗa yawancin 'yan Arewa masu neman abinci a Kurmi, watau da ƙafa suke nemansa. Ga ɗan dako da buhun albasa a ka, ga ɗan garuwa yana tura kura, ga mai talla da kaya a kafaɗa, ga mai gadi wanda zai kwana yana kewaya gida. Kowannensu ƙafarsa ita ce jarinsa na fari. Ran da ta ƙi, ran nan ba ciniki. In kuwa ciwon ya kai mako guda, to, iyali can gida su ma sai sun ji a jikinsu.

A cikin dilolin gwanjo da akan fasa a Yaba, da kasuwar Aswani mai ci ran Talata, da Ƙofar Wambai a Kano, akan sami wani irin takalmi mai wuya, mai kaurin ƙasa da haƙoran roba, wanda aka yi shi musamman domin hawan duwatsu da doguwar tafiya da jaka a baya. Sabonsa a kanti ya fi ƙarfin talaka, amma na gwanjo mutum na iya kai hannu. Masu aikin ƙarfi suna sayensa. Haka kuma samari masu zuwa horon Man O' War a duwatsun Shere kusa da Jos, inda ƙololuwa ta kai mita 1,829, da masu hawan matakalar dutsen Idanre ta Jihar Ondo, wadda ta haura taki 600, da ƙalilan masu ƙarfin hali da kan yi kwanaki a daji domin su taka Chappal Waddi a Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419.

Sai dai sau da yawa mai saye yakan duba suna da ƙyalli da araha, ya manta da abu biyu waɗanda su ne takalmin: ko ya dace da ƙafarsa, da kuma ko ƙasansa yana da sauran rai. Wanda ya kiyaye waɗannan biyu zai sami nagari da kuɗi kaɗan. Wanda ya bar su ya yi asara ko da ya biya da tsada.

ZUWA DA KAI YA FI SAƘO

Ƙafar ɗan Adam tana da ƙashi 26, kuma da wuya a sami mutum biyu masu ƙafa iri ɗaya. Kai, ko a jikin mutum guda, galibi ɗaya takan ɗara ɗaya. Saboda haka ba a aiken yaro ko aboki ya sayo wa mutum takalmin tafiya, kuma ba a dogara ga lamba kaɗai. Kayan gwanjo daga ƙasashe dabam dabam suke zuwa, kowace da lissafinta. Abin da Faransa da Italiya suke kira 42, shi Ingila take kira 8, Amurka kuwa wajen 9. Ko masu yi wa ƙasa hidima, shirin da aka kafa a 1973, sanannen abu ne cewa da zarar an raba musu takalma a sansani sai a shiga musanya, kowa yana neman wanda zai shige shi.

Lokacin gwaji shi ne da la'asar ko da yamma, domin ƙafa takan kumbura kaɗan bayan ta wuni tana aiki. Takalmin da ya yi daidai da sassafe yana iya matsewa da azahar. Mai saye ya tafi da irin safar da zai riƙa sawa, ya gwada ƙafa biyu duka, a tsaye, ba a zaune ba.

Ga hanya mai sauƙi. Ya zare shimfiɗar cikin takalmin, ya ajiye ta a ƙasa, ya taka, dunduniya a daidai bakinta na baya. Lalle ne a sami rata kamar faɗin babban yatsan hannu, watau wajen rabin inci, tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin shimfiɗar. In gefen ƙafar ya zarce shimfiɗar sosai, takalmin ya yi masa siriri, ya haƙura da shi. In shimfiɗar ba ta fita, sai ya sa takalmin ba tare da ya ɗaure ba, ya tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa, sa'an nan ya zura yatsan hannu guda a bayan dunduniya. Ya kamata ya shiga ba da ƙyar ba.

Dalilin wannan rata shi ne gangara. Sa'ad da mutum yake saukowa daga tudu da kaya a bayansa, ƙafa takan zame gaba, yatsu su yi ta dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi ya faɗi. Bayan an ɗaure igiya, mai saye ya nemi ɗan gangare ko matakala ya sauka, ko ya ɗan doki ƙasa da gaban takalmin. In yatsu sun taɓa, ya nemi na gaba da shi. Sa'an nan ya yi ɗage a kan yatsu. In dunduniya tana fita tana komawa, wannan gogayya ita ce uwar bororo.

Kada kuma ya yarda da zancen "zai buɗe". Fata takan ɗan saki a faɗi, amma takalmi ba ya ƙara tsawo.

KYAN ƊAN MACIJI

A nan ne masu sayen gwanjo suka fi shan kashi. Ƙasan takalmin dutse hawa biyu ne. Akwai robar waje mai haƙora wadda take taɓa ƙasa, akwai kuma wani soso a tsakiya, tsakanin robar da ƙafa, wanda shi ne yake shanye nauyi. Soson nan iri biyu ne. Na farko, mai suna EVA, ba shi da nauyi, kuma in ya tsufa sai ya lotse ya yi tamoji, ido yana gani. Na biyu, wanda ake kira PU, ya fi ƙarfi da juriya, shi ya sa akan sa shi a takalma masu tsada. Amma yana da wani mugun ciwo na ɓoye. Danshin da ke cikin iska yakan ci shi sannu a hankali, galibi daga shekara 6 zuwa 10 bayan an yi shi, ko ana sa takalmin ko ba a sawa. Hasali ma wanda aka ajiye a ɗaki ya fi saurin lalacewa, zafi da laima irin na Ikko da Fatakwal kuwa suna ƙara masa gudu.

Ma'anar wannan ita ce, takalmin da ya fito daga dila fes kamar ba a taɓa taka shi ba, yana iya zama shi ne mafi haɗari a cikin tarin. Mai shi na farko ya saya, ya sa sau biyu, ya jefa a kabad shekara goma. Mai saye na biyu ya yi murna ya yi tsintuwa, ya yi tafiyar mil uku, sai ƙasan ya ɓare, soson ya marmashe kamar busasshen burodi. In a titi ne, ya tafi gida da ɗingishi. In a tsakiyar daji ne, abin ya wuce dariya.

Maganin abin shi ne gwaji tun ba a biya ba. A danna soson da farce da ƙarfi ta gefe da ta dunduniya. In ya fashe, ko ya yi gari, ko ya yi danƙo a hannu, a ajiye shi ko da kyauta ne, domin shumeka ba shi da inda zai kafa zare a cikin abin da ya ruɓe. A lanƙwasa takalmin a duba ko baki yana buɗewa tsakanin roba da fata. A ɗaga harshen takalmin a karanta 'yar takardar da ke ciki, gama kamfanoni da yawa sukan buga wata da shekarar da aka yi shi.

Robar waje ita ma a dube ta. Haƙoran su kasance da sauran zurfi, kada kuma dunduniyar ta cinye ta gefe guda, domin za ta karkatar da takun sabon mai shi. Akan ga wani tambari rawaya mai kusurwa takwas da sunan Vibram. Wani Ba'italiye mai hawan dutse, Vitale Bramani, shi ya fito da wannan roba a 1937, bayan abokan tafiyarsa shida sun mutu a duwatsun Italiya a 1935, aka kuwa ɗora laifin a kan rashin takalman kirki. Robar tana da kyau, amma tambarin ba ya faɗin lafiyar soson da ke samansa, balle kuma akwai jabu.

INA ƘARFIN YAKE?

Jama'a da yawa suna zaton tsawon wuya shi ne yake hana targaɗe. Wuya yana taimako, yana kuma kare idon sawu daga ƙaya da tsakuwa, amma ainihin ƙarfin yana wuri biyu. Na ɗaya, bayan takalmin inda yake rungumar dunduniya. A matsa shi da yatsu, in ya lotse kamar tsumma, ya gama aiki. Na biyu, tsakiyarsa. A kama gaba da baya a murɗa kamar ana matse wanki. Nagari yakan yi gardama, kuma in an lanƙwasa shi, a gindin yatsu yake lanƙwasuwa, ba a tsakiyar tafin ƙafa ba.

Sa'an nan kowane aiki da nasa. Mai yawo a kan kwalta da kaya marar nauyi, gajere mai sauƙi ya ishe shi. Mai ɗaukar kaya a kan duwatsu da kwazazzabai shi ne mai bukatar mai wuya da taurin ƙasa. Kada a ɗauki nauyin da ba a bukata. Binciken da sojojin Amurka suka yi ya nuna nauyin da ke ƙafa ya fi gajiyar da mutum nesa ba kusa ba a kan irinsa da ke baya, har masu hawan dutse sukan ƙiyasta shi da ninki biyar. Don haka takalmin ma'aikatan gini mai ƙarfe a baki, ko da yake yana da amfani a wurin da abu zai faɗo wa mutum a yatsu, ba na doguwar tafiya ba ne.

Akwai kuma masu tambarin Gore-Tex, watau waɗanda ruwa ba ya shiga. A ƙasar sanyi abin nema ne. A ƙasar zafi kuwa ƙafa takan jiƙe da gumi a ciki, in kuma ruwa ya shiga ta sama, kamar yadda yakan faru a ambaliyar Ikko, sai ya daɗe bai bushe ba. Shi ya sa takalmin da sojan Amurka suka sa a dazuzzukan Biyetnam aka yi wuyansa da kambas, aka kuma huda masa ƙofofin fitar ruwa. Mai ƙaramin ƙarfi ba shi da dalilin ƙara kuɗi saboda wannan tambari, musamman a tsohon takalmi wanda mai yiwuwa rufin nasa ya riga ya huje.

Ga wanda zai koma gida noma da damina, mai wuya na fata yana da wata fa'ida. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gwambe yakan cika a lokacin shuka da girbi, kuma yawancin saran kububuwa a ƙafa yake samun mutum. Takalmi ba laya ba ne, amma ya fi silifa nesa.

RABON KUƊI

Kada mutum ya juye duk abin da ke aljihunsa a kan takalmin. Ya rage na abu uku. Na fari safa, aƙalla ƙafa biyu domin canji. Ta ulu ko ta zaren roba ta fi ta auduga, domin auduga tana riƙe gumi, jiƙaƙƙiyar fata kuwa ita take saurin yin bororo. Na biyu sabuwar shimfiɗar ciki, gama tsohuwar ta riga ta ɗauki siffar ƙafar wani. Na uku ladan shumeka, ya bi gefen ƙasan da zare tun gam bai saki ba. Wanda ya rasa nagari a gwanjo, dukawan Kano da masu ɗinkin takalma na Ariaria a Aba suna iya auna ƙafarsa su ɗinka masa na fata mai ƙasan roba, wanda in ya cinye za a sake masa wani.

Kafin a sa na gwanjo, a wanke cikinsa da sabulu a bar shi ya bushe sarai, saboda ƙaiƙayin tsakanin yatsu yana bin takalmi. Kada a fara shi da babbar tafiya. A sa shi awa ɗaya ko biyu a rana, a riƙa ƙarawa har mako biyu. Da an ji wani wuri yana zafi, a tsaya a liƙa filasta tun bai tashi ba. Mai ciwon suga ya ninka hattara, ya duba ƙafarsa kowane dare, domin yana iya jin rauni bai sani ba.

In takalmi ya jiƙe, a zare shimfiɗa, a cusa masa tsohuwar jarida, a ajiye a inuwa inda iska take bi. Wuta da rana mai zafi suna busar da fata su kashe gam. A riƙa shafa masa mai kaɗan-kaɗan, a kuma riƙa sa shi, kada a adana shi sai ran tafiya gida. Wanda ya kwana a daji ko a gona ya kakkaɓe shi da safe saboda kunama.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a sha'anin takalmi tsada ma ba ta isa shaida ba. Minti goma na gwaji a gaban mai gwanjo, ko da zai ɓata rai, sun fi mako guda a kwance ana jiran ƙafa ta warke. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa a koma gida lafiya.