Shin Ko Kun San Jallianwala Bagh?

Shin ko kun san a birnin Amritsar na jihar Punjab, a ƙasar Indiya, akwai wani lambu mai suna Jallianwala Bagh da har yau katangarsa ke ɗauke da ramukan harsasan Turawan mulkin mallaka? An zagaye kowane rami da farin fenti don kada idon mai ziyara ya tsallake shi.

Ranar 13 ga Afrilun 1919 abin ya faru, ranar bikin Baisakhi. Dubban mutane sun taru a filin, wasu don nuna fushi kan kama shugabanninsu biyu, Dokta Saifuddin Kitchlew da Dokta Satyapal, wasu kuwa biki kawai suka zo. Janar Reginald Dyer ya iso da sojoji kusan 50, ya tare mashiga, ya ce a buɗe wuta ba tare da gargaɗi ba. Cikin kimanin minti 10 an harba harsashi 1,650. Musulmi, Hindu da Sikh, duk wuri guda suka faɗi.

Ko kun san ƙuncin lungun shiga ne ya hana motocinsa masu sulke da manyan bindigogi kutsawa? Da bakinsa ya shaida wa kwamitin bincike cewa da sun shige, da mai yiwuwa ya yi amfani da su. Wannan magana kaɗai ta isa ta tayar da tsikar jiki.

Hukuma ta ce mutum 379 suka mutu. Jam'iyyar Congress ta ce sun kai 1,000. Rijiyar da jama'a suka riƙa faɗawa don tsira tana nan, kuma allon da ke wurin ya ce gawa 120 aka tsamo daga cikinta.

Shugaban ƙasar Indiya Rajendra Prasad ne ya buɗe ginshiƙin tunawa na jan dutse, mai siffar harshen wuta, a 1961. Wani Ba'amurke, Benjamin Polk, ya zana shi.

Masu kallon fina-finan Indiya, ko kun san fim ɗin Sardar Udham labarin gaske ne? Udham Singh ya bi Michael O'Dwyer, gwamnan Punjab na wancan lokaci, har Landan, ya harbe shi a 1940 don ramuwar wannan kisa, aka rataye shi a shekarar.

Sarauniya Elizabeth ta ajiye furanni a wurin a 1997. Firayim Ministan Birtaniya David Cameron ya zo a 2013 ya kira kisan abin kunya, Firayim Minista Theresa May ta nuna takaici a 2019. Neman gafara a hukumance kuwa, har yau gwamnatin Birtaniya ba ta yi ba.