Masu Farautar Tashoshin Nesa a Zangon FM

Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa rediyo da asuba ana neman BBC ko Muryar Amurka ya san gajeren zango bai san iyaka ba. FM kuwa kowa ya ɗauke shi ɗan gida: ka fita daga gari da mota, kafin ka yi tafiyar awa ɗaya ko biyu murya ta fara tsinkewa, shuu ya cinye ta. Haka abin yake yawancin ranaku. Amma akwai ranakun da tashar da ke bayan ɗaruruwan kilomita kan faɗo cikin akwati tangaran, kuma akwai mutane a ƙasashe da dama da suka mayar da jiran irin waɗannan ranaku abin sha'awarsu.

Tashoshin FM suna zaune ne tsakanin megahaz 87.5 da 108, bisa fasahar da Ba'amurke Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933. Igiyar wannan zango miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa, kuma idan ta nufi sama sai ta wuce abinta, ba ta dawowa yadda ta gajeren zango ke yi. Shi ya sa gidajen rediyo ke kashe kuɗi wajen dogon ƙarfen eriya, shi ya sa kuma mai sauraro a kan tudun Jos ya fi na cikin kwari kamun nesa.

Abin da ke karya wannan ƙa'ida, na farko, iska ce. A al'ada, iska tana ƙara sanyi ne yayin da ake yin sama. To amma a daren da gari ya yi tsit, babu gajimare babu guguwa, ƙasa kan saki zafinta da sauri, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi, mai ɗumi ta kwanta a kanta. Inda iskokin biyu suka haɗu sai ya zama rufi. Igiyar da za ta tsere sama sai ta lanƙwaso, ta bi tsakanin rufin nan da ƙasa kamar ruwa a cikin indararo, ta yi nisan da ba ta saba ba. A kan teku abin ya fi tsanani, har yakan haura kilomita 1,000. Mu a nan, sanyin asubar hunturu shi ne lokacin da ya fi cancanta a gwada, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi. Rana na ɗagawa ta gasa ƙasa, iska ta cakuɗe, baƙuwar tasha ta dushe a hankali har ta ɓace.

Hanya ta biyu ta fi ban mamaki. Can sama, wajen kilomita 100, wani lokaci lantarki kan taru curi-curi a sashen da masana suka laƙaba wa harafin E. Idan curin ya yi kauri, sai ya mayar da igiyar FM ƙasa, ta sauka a wuri mai nisan kilomita 2,000 ko kusa da haka. Ba ya sallama, ba ya ban kwana. Yana iya yin minti biyar, yana iya yin awanni. A Turai tsakanin Mayu da Agusta yake yawaita, lokacin da masu sauraro a Ingila ko Jamus kan ji Larabcin Aljeriya da Maroko ya danne tashoshin garinsu. A Yunin 2003 ma wani mai wannan sha'awa a Ireland ta Arewa ya kama tashoshin FM daga Amurka ta Arewa, tsallaken Tekun Atlantika. Akwai kuma masu jiran faɗuwar tauraro, domin dutsen da ya ƙone a sama yakan bar sawun da ke dawo da murya na daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Kayan aikin ba su da tsada, kuma wannan ne ya sa nake ganin matasanmu masu son ƙere-ƙere bai kamata abin ya wuce su ba. Rediyon mota yakan fi na hannu kunne. Wanda ke cikin wayar salula da igiyar iyafis yake kamu, saboda haka ba ya nisa. Gyaran da ya fi tasiri shi ne eriya. Tsawon igiyar FM kusan mita 3 ne, don haka sanda biyu na alminiyam ko wayar tagulla, kowace santimita 75, a jera su baki da baki a haɗa da wayar talabijin, sun isa farawa. A ɗora a kan gora, a gwada a kwance, a gwada a tsaye, a juya gabas da arewa. Mai son ƙari sai ya haɗa eriyar Yagi, irin mai haƙarƙari da ake gani a kan rufin gidaje, wadda ke tattara kamu wuri guda. A nesanta ta da wayar lantarki, kuma hadari na haɗowa a cire ta daga rediyo saboda tsawa.

Babban abokin gaba shi ne birni. Tun da aka buɗe ƙofa ga masu zaman kansu a Najeriya a 1992, Ray Power ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, zangon ya cika har babu masaka tsinke. Ga shi kuma ɗabi'ar FM ce idan tasha biyu suka haɗu a lamba ɗaya, mai ƙarfi ta danne ɗayar ɗungurungum. Sai a ƙara da ƙarar inbata, cajar waya mai arha da ƙwan lantarki na zamani, duk suna zuba shuu a cikin akwati. Ɗan ƙauyen da ke da batir biyu da tsauni kusa da gida ya fi mai bene a tsakiyar Kano sa'a.

Sai dai jin baƙuwar murya ba shi ne kamu ba, sai an tabbatar da mai ita. A Turai rediyo kan nuna sunan tasha a fuskarsa ta tsarin RDS. Mu kunne ne hujjarmu, kuma nan daɗin yake. Ka jira kan awa ka ji an ambaci sunan tasha. Ka kasa kunne ga talla: wace kasuwa aka ambata, da naira ake ciniki ko da jaka? Idan Hausar ta zo gauraye da Faransanci, ka san ka leƙa Maraɗi ko Damagaram. Da azumi, sanarwar lokacin shan ruwa kaɗai ta isa ta nuna maka gabas tashar take da kai ko yamma.

Sannan a rubuta: rana, lokaci, lamba, abin da aka ji, da yadda gari ya kwana, ko da hazo ko da raɓa. A naɗi muryar a waya idan da hali. Masu sauraro a Katsina, Gusau da Nguru da za su riƙe irin wannan littafi hunturu guda, su gwama abin da suka samu, da sun fitar da taswirar yadda igiyar FM ke yawo a sararin ƙasar Hausa, abin da zai amfani injiniyoyin gidajen rediyon kansu wajen sanin iyakar inda muryarsu ke kaiwa.