Filash Ya Ƙi Buɗewa: Gaskiyar Magana da Ƙanzon Kurege

Da zarar Windows ta rubuto "USB device not recognized", sai a yanke hukunci: filash ya mutu, a sayi sabo. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Saƙon na nufin kwamfuta ta ji an soka mata wani abu amma ta kasa gane shi, kuma laifin na iya zama na kafar da aka soka, ko ƙurar da ta taru a ciki, ko direba, wato manhajar da ke haɗa su. Gwada wata kafa. A kwamfutar tebur ta baya ta fi, domin tana manne da madabod kai tsaye. In ya buɗe a wata kwamfutar, koma taka, shiga Device Manager, cire na'urar da ke da alamar ruwan ɗorawa, ka kashe ka kunna.

Shawarar da ta fi jawo asara ita ce "yi masa fomat kawai". Idan kwamfuta ta nemi a yi fomat kafin ta buɗe filash, yawanci tsarin da ke nuna wurin kowane fayil ne ya rikice, fayilolin kuwa suna nan. Manhajoji irin su PhotoRec da Recuva kan iya ceto su, muddin ba a zuba sabon abu a kai ba. Fomat na gaggawa ma yakan bar ɗan dama, amma cikakken fomat, tun daga Windows Vista, shafe komai yake yi. Ɗalibin da furojet ɗinsa ke ciki ya danna "Cancel".

Gaskiya ne ana kwaso bairos a shagunan buga takardu, inda kwamfuta ɗaya ke karɓar filash ɗin kowa. Amma sau da yawa cewa ya cinye fayilolin ba daidai ba ne. Wanda ke mayar da folda ta zama shotkot ɓoye su yake yi. Kada ka danna shotkot ɗin, danna shi ne ke kunna cutar. A share da antibairos, sannan a Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan E ne harafin filash ɗin.

Zare filash ba tare da "Eject" ba fa? Daga Windows 10 sigar 1809, Microsoft ta mayar da tsarin zarewa nan take ya zama na asali. Haɗarin yana ga mai zarewa ana tsakiyar kwafi.

Akwai kuma filash da ake yi wa ƙazafi. Fim mai 5GB ya ƙi shiga mai 32GB, sai a ce jabu ne, alhali tsarin FAT32 ne ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai 4GB. ExFAT na ɗauka. Jabun na gaske suna nan cike da kasuwa: 1TB a farashin banza, an shirya shi ya yi ƙaryar girmansa, yana cika sai fayiloli su riƙa lalacewa. Manhajar H2testw na tona asirinsa.

Haka ma wayar da ke caji amma ta ƙi bayyana a kwamfuta, duba kebul tukuna, don wasu na caji ne zalla. Kafin ka biya mai gyara, ka ari kebul ɗin maƙwabci ka gwada.